Ko Sai da Addini Ake Zama Mutumin Kirki?

Ina gaida manoma da makiyaya na ƙasar Damargu, tun daga Tanut har Belbeji, da mutanen Gangara, da Ollelewa, da Bakin Birji. Ina gaida duk wanda ya riƙe wannan takarda yana haɗa baƙi da wasali da kansa. Sannunku da ƙoƙari.

Yau magana mai nauyi na kawo muku. Ba ni na tsiro da ita ba. A cikin ajinmu na yaƙi da jahilci ta tashi.

Yadda maganar ta tashi

Wata rana da marece na rubuta AMANA bisa allo. Kalma ce mai sauƙin rubutu: baƙi biyu, wasali uku. Na ce kowa ya kwafa, kuma a gaya mini ma'anarta.

Sai wani dattijo ya ce: "Mushe, amana ai tsoron Allah ce. Wanda ba ya salla ba ya da amana. Ko allura kada ka ba shi ajiya."

Mutane da yawa suka gyaɗa kai. Sai wani magidanci daga baya ya ce: "Baba, a gafarce ni, ba gardama nake da kai ba. Amma gani ya kori ji. A shekarar 2005 ɗiyata ta kamu da tamowa. Muka kai ta gidan likita, sai fata da ƙashi. Wata baturiya ta kwana uku a kanta, ba ta runtsa ba. Na tambayi tafinta ko wane addini take bi. Ya ce ba ta zuwa masallaci, ba ta zuwa coci. Ɗiyar nan yau tana ɗakin mijinta da ƴaƴa biyu. A shekarar nan kuma na san wanda ya rufe hatsi cikin mangaza yana jiran ya ƙara tsada, alhali ba a taɓa rasa shi a sahun gaba ba. To, Baba, tsakaninsu wane ne mai amana?"

Aji ya kaure da gardama. Ran nan ba mu yi lissafi ba. Na yi musu alkawarin zan yi tunani in rubuto amsa.

Ni ba malamin addini ba ne. Musulmi ne ni kamar yawancinku, kuma a makarantar horon malamai karatu da lissafi aka koya mini in koyar. Maganar lada da hisabi a lahira na bar wa malamai, hukuncinta kuwa yana wurin Allah. Tawa tambayar ta zaman duniya ce: ko mutum na iya riƙon gaskiya da tausayin ɗan adam ba tare da addini ba?

Kada ka ce wannan zancen masu ƙoshi ne. Amsar da ka ba wannan tambaya ita za ta nuna wanda za ka ba ruwa a bakin rijiya, da wanda za ka yarda da shi a kasuwa, da wanda za ka tsaya ka kare in an zo ƙone gidansa.

Mu fara rarrabe mutane

Dattijon nan ya zuba mutane iri uku cikin buhu ɗaya. Akwai Musulmin da ya yi sakaci da salla. Akwai mai bin wani addini dabam, kamar Kirista, ko Maguzawan ƙasar Kano da Katsina da Arnan ƙasar Arewa masu bin al'adar kakanninsu. Akwai kuma wanda ya ce shi ba ya bin kowane addini. Irin na ukun ba su da yawa a ƙasarmu, amma a ƙasashen Turai suna da yawa. In za mu yi adalci, sai mu duba ko ana samun kirki wajen kowanensu.

Mene ne kirkin? Bahaushe ya san shi sarai. Mutumin kirki shi ne mai gaskiya, mai amana, mai kunya, mai kara, mai haƙuri, mai kyauta, wanda ba ya wulaƙanta na ƙasa da shi. Ku da kuke koyon kalmomi, ku lura da wani abu. Amana da adalci da ladabi daga Larabci muka samo su, tare da Musulunci suka zo. Amma kunya da kara da gayya ba Larabci ba ne. Kakanninmu sun raɗa wa waɗannan abubuwa suna da bakinsu. Ba a raɗa wa yaro suna sai an haife shi. Ashe sun san halin kirki tun kafin malami na farko ya shimfiɗa buzunsa a ƙasar Hausa.

Abin da muke gani a gida

Dubi gayya. In ciwo ya kwantar da mutum lokacin noma, samari su taru su nome masa gona. Ba wanda ke tambaya sau nawa ya je masallaci a makon nan. An dai san in ciyawa ta cinye hatsinsa, ƴaƴansa ne za su kwana da yunwa.

Dubi maƙwabtanmu Fulani. Suna da al'adar da suke kira habbanaye. Mai shanu ya ba wanda ya rasa aron karsana. Wanda aka ba ya yi kiwonta, ya sha nononta, har ta haihu sau biyu ko uku. Ƴan maruƙan nasa ne, uwar kuwa ya maida wa mai ita. Ba takarda, ba alƙali. Kunya ce kawai ke tsaron wannan alkawari. Da haka gidaje da yawa suka sake tashi bayan farin 1973 da na 1984, wanda mutane suka sa wa suna El Buhari. Har ƙungiyoyin taimako sun ari dabarar, suna ba mata aron awaki.

Dubi Abzinawa. Suna da abin da suke kira ashak, watau mutuncin da ke hana namiji cin zalin mace, ko yaro, ko tsoho. Wanda ya karya shi ya zubar da girmansa a idon jama'a.

Fulani da Abzinawa Musulmi ne. Amma in ka tambaye su, za su ce maka wannan gadon iyaye ne. Kowace al'umma a duniya tana da irin nata. Ba a taɓa jin inda ake yabon maci amana, ko ake kirarin wanda ya yar da uwarsa ba.

Abin da tarihin Musulunci ya nuna

Wani zai ce: "Mushe, wannan duk al'ada ce, ka kawo mana na addini." To, ga shi. Ku tambayi malaman garinku ko ƙarya na faɗa.

Mutanen Makka sun sa wa Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, suna Al-Amin tun kafin a aiko shi. Masu bautar gumaka ne suka sa sunan. Da ba su san darajar amana ba, da ba su yabe shi da ita ba.

Yana saurayi, wasu manyan Makka suka taru suka yi rantsuwa za su tsaya wa duk wanda aka zalunta, ko ɗan gari ko baƙo. Ana kiran wannan alkawari Hilful Fudul. Annabi ya halarci taron. Bayan Musulunci ya zo bai zubar da shi ba, yabonsa ya yi.

Wajen shekarar 615, da azaba ta yi wa Musulmi yawa a Makka, ina aka tura su? Ƙasar Habasha, wurin sarki Najjashi, wanda a lokacin Kirista ne. Dalili kuwa, an san ba a zaluntar kowa a ƙasarsa.

Ga wanda ya fi kusa da mu, mu jikokin masu ayari. A shekarar 622, lokacin hijira daga Makka zuwa Madina, ana neman Annabi da Sayyidina Abubakar ruwa a jallo, an sa lada mai yawa ga wanda ya kamo su. Suka ɗauki jagora masanin hanyar hamada, sunansa Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ. A lokacin ba Musulmi ba ne. Suka ba shi raƙumansu, suka gaya masa inda za su ɓuya. Ya zo ranar da aka yi da shi, ya kai su lafiya. Kun san abin da ake nufi da ba jagora amana cikin hamada. Ranka ne ka danƙa masa. Wannan ya fi ajiyar allura.

Ashe addininmu da kansa bai ce kirki ya tsaya iyakar ƙofar masallaci ba.

Baƙin da suka ratsa Damargu

Yanzu mu dawo ƙasarmu. A shekarar 1850 wasu Turawa uku suka taso daga Tarabulus suka ratso hamada. Ɗaya mutumin Ingila ne, James Richardson. Biyu mutanen Jamus ne, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdul Karim, da Adolf Overweg. Dukansu ba Musulmi ba ne.

Da suka kusa Abzin, wasu mutane suka tare su, suka ce ko su musulunta ko a kashe su. Sai da suka ba da kaya masu yawa aka ƙyale su. Da kaya suka fito, maganar musulunta ta mutu. Kun ga abin da ake nema tun farko.

Daga baya wani shugaban Abzinawan Kel Owe, sunansa Annur, ya ɗauke su cikin ayarin gishiri. Ya karɓi ladansa, amma ya cika alkawari. Ya kawo su Damargu cikin watan Janairu na 1851. A Tagelel Richardson ya rabu da sauran biyun. Barth ya isa Tumbutu a 1853. Can ma wasu suka nemi ransa. Wani babban malami, Shehu Ahmadu al-Bakkay, ya tsaya masa, ya kafa hujja da shari'a cewa baƙon da ya shigo da aminci ba a taɓa shi.

Ku duba da kyau. Waɗanda suka tare su Musulmi ne. Waɗanda suka kare su Musulmi ne. Alƙibla ɗaya suke kallo. Abin da ya raba su hali ne.

Akwai sauran labari, mai ɗaci. Hanyar nan ta Kano, Damagaram, Damargu, Agadas, ba gishiri da hatsi kaɗai suka bi ta ba. Bayi ma sun bi ta, ƴaƴan mutane, a ƙasa, cikin ƙishirwa. Masu saye da masu sayarwa suna tsayawa su yi salla kan lokaci. Wani yaro Bahaushe na ƙasar Damagaram, sunansa Dorugu, an kama shi an sayar har Kukawa ta Barno. Overweg ne ya fanshe shi ya ƴanta shi. Yaron ya bi Barth har Ingila a 1855. Labarin rayuwarsa yana cikin na farko da aka rubuta da Hausar boko, irin wadda kuke karantawa yanzu. Sai a shekarar 2003 dokar Nijar ta sa hukunci a kan mai bautar da mutum.

Ba na ce Turawa sun fi mu kirki ba ne. A 1899 sojan Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine sun ƙone Birnin Ƙonni da garuruwa da yawa, sun kashe mutane ba adadi. Ba don addini suka yi ba, don mulki ne. Mugunta ba ta da ƙabila, kirki ma haka.

To, addini ba ya da amfani ke nan?

A'a, ɗan'uwa, kada ka yi saurin yanke magana. Ni a ganina addini yana yi wa halin mutum aiki huɗu manya.

Na ɗaya, yana tsaron mutum inda ba mai ganinsa. Kunya tana aiki in da idon jama'a. Amma ka tsinci raƙumin wani cikin daji, ko kana awon hatsi ga makaho, wa zai gan ka? Mai imani na gaskiya ya san ana ganinsa.

Na biyu, yana faɗaɗa zumunta. Al'ada takan tsaya ga dangi da ƴan gari. Habbanaye ga wanda ka sani kake ba da ita. Addini kuwa ya sa wa matafiyi da maraya da miskini hakki cikin dukiyarka, ko ba ka san sunansu ba. Ya ce mutane duka ƴaƴan Adamu ne.

Na uku, yana sa ma'auni da lokaci. Tausayi kamar ruwan sama yake, wata shekara ya zo, wata shekara ya ƙi. Amma zakka ba ta jiran sai ranka ya yi daɗi. In amfanin gona ya kai nisabi, dami goma a fidda ɗaya. In na ban ruwa ne da wahala, ɗaya cikin ashirin. Ga zakkar fidda kai kafin sallar idi. Ga azumi, wanda ke sa mai rumbu cike ya ɗanɗana abin da talaka ke ji.

Na huɗu, yana ba da ƙarfin haƙuri da yafiya. Wanda dabbobi suka cinye wa gona, zuciya na ce masa ya ɗauki sanda. Sau da yawa tuna Allah ne ke riƙe hannunsa har a je gaban mai gari.

Waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne. Wanda ya ce addini bai ƙara wa mutane komi ba, bai zauna da tsofaffinmu ba.

Amma sai mu ji ta bakin wancan ma. In ka tambayi marar addini mai kirki me ya sa yake yi, zai ce maka: "Na san zafin yunwa, na san zafin rashin ɗa. Abin da ba na so a yi mini, ba na yi wa wani. Kuma in na yi cuta, ko ba wanda ya gani, zuciyata ba ta bari na yi barci." Wannan amsa ba ta banza ba ce. Ƙungiyar likitocin nan da ake kira MSF, a Faransa aka kafa ta a 1971, ba bisa wani addini ba. Dokarta ita ce a yi wa kowa magani ba tare da duba addininsa ko launinsa ba. A 2005, bayan fari da fara sun ɓata damanar 2004, buhun hatsi ya kai jika 30 a wasu kasuwanni. A shekarar nan ƙungiyar ta yi jinyar yara fiye da 60.000 masu tamowa mai tsanani a Nijar. Cikin ma'aikatanta akwai Musulmi ƴan ƙasa da yawa, akwai Kirista, akwai marasa addini. Ƙungiyoyin Musulmi da na Kirista su ma sun kawo agaji. Yaron da aka ba madara bai tambayi addinin cokali ba.

Malamanmu suna da bayanin wannan. Sun ce Allah ya halicci kowane ɗan adam da fiɗira, watau son gaskiya da ƙin zalunci suna cikin halittarsa. Saboda haka Musulmi ba ya da abin tsoro in ya ga kirki wajen wanda ba ya salla. Sai ya ce: wannan ma kyautar Allah ce, ko mai ita ya sani, ko bai sani ba.

Inda suna ya rage ba hali

Akwai abin da ya kamata mu faɗa wa kanmu, ko da ba daɗi. A watan Oktoba na 1991, a Toda cikin jihar Maradi, rikicin manoma da makiyaya ya ci ran mutum fiye da 100, yawancinsu mata da yara Fulani. Ba baƙi ne suka zo daga wata duniya suka yi ba. Mutane ne masu gaisawa da salamu alaikum.

Ran 16 ga Janairu 2015, bayan sallar Juma'a, fushi ya tashi a Damagaram saboda zanen ɓatanci da wata jarida ta buga a Faransa. Aka ƙone coci-coci da gidajen Kirista, aka yi hasarar rayuka. Waɗanda aka ƙone wa gidaje ba su suka yi zanen ba. Maƙwabta ne da aka daɗe ana cin kasuwa ɗaya da su. Amma a ranar nan kuma an samu Musulmin da suka buɗe ƙofa suka ɓoye maƙwabtansu Kirista. A cikin shekarar ne kuma ƴan Boko Haram suka fara kai hari jihar Diffa da sunan addini, kuma yawancin waɗanda suka kashe Musulmi ne.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya koyar da cewa zalunci ya fi kafirci saurin rushe mulki. Babban malami ne ya faɗi haka. Ya san sunan addini ba ya tsare gari in ba adalci.

Misalin anza

Kowa a Damargu ya san anza. Itace ne da ba ya bushewa ko an yi fari. Iyayenmu sun rayu da ƴaƴanta a 1984, wasunmu sun ci ta a 2005. Kun san yadda take. In ka ɗauko ka tauna haka nan, ɗacinta ba ya haɗiyuwa. Sai an jiƙa ta kwana da kwanaki ana sake ruwa, sannan a dafa a ci.

Ina tambayarku: ruwan ne ya sa abinci cikin anza? A'a. Abincin yana ciki tun tana bisa uwarta. Ɗacin ma yana ciki. Aikin ruwa shi ne ya fidda ɗaci ya bar abinci.

Haka na ga zuciyar ɗan adam. Tausayi yana ciki tun haihuwa. Rowa da hasada da son kai su ma suna ciki. Dole a jiƙa ta. A wurinmu babban ruwan shi ne addini, shi ya sa ake sake shi sau biyar kowace rana. Amma akwai wasu ruwaye: horon uwa, kunyar jama'a, ilimi, da wahalar da mutum ya sha har ya gane ta wani. Ana samun wanda bai jiƙu da ruwanmu ba, amma ɗacinsa ya fita. Ana samun kuma wanda ya shekara arba'in a bakin tulu, ruwa bai taɓa shigarsa ba. Ka tauna shi, ɗaci kamar ran da aka tsinko shi.

To, ga amsata ga ƴan ajinmu. Ana samun mutumin kirki wanda ba ya bin addininmu. Ana samunsa har cikin waɗanda ba sa bin kowane addini. Wanda ya musa wannan ya musa abin da ido ya gani. Addini ba shi ke shuka tausayi ba, amma yana raya shi, yana tsaronsa, yana kai shi nesa. Mai addini kuwa nauyinsa ya fi na kowa, don shi an gaya masa, an kuma ba shi ma'auni. In marar salla ya fi ka amana, ba shi ne abin zargi ba. Kai ne ya kamata ka ji kunya.

Abin da za mu yi da wannan magana

Karatu ba ya da amfani in bai sauka ƙasa ba. Ga inda za mu gwada kanmu.

A bakin rijiya. Rijiyoyinmu suna da zurfi, sai da raƙumi ko shanu ake jan wasaki. In baƙo ya iso da ƙishirwa, a ba shi ya sha kafin a tambaye shi daga ina.

A kasuwa. Tiyar da kake saye da ita, ita ce za ka sayar da ita. In ka ba manomi bashi lokacin da rumbu ya ƙare, kada ka karɓi ninki biyu da kaka.

A gona da makiyaya. Manomi kada ya nome burtali. Makiyayi kada ya saki dabbobi kafin a kwashe amfani. In ɓarna ta auku, a je gaban mai gari, a bar sanda a gida.

A gida. Ka koya wa ɗanka salla, ka kuma koya masa maida canjin da aka yi kuskure aka ba shi. In ka koya masa ɗaya ka bar ɗaya, rabin aiki ka yi.

A baki. Kada ka yanke wa mutum hukunci da sunansa ko da rigarsa. Ka zauna da shi, ka yi ciniki da shi, ka yi tafiya da shi. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Kafin in aiko da wannan takarda, na karanta wa ƴan ajinmu ita. Da na gama, dattijon nan ya yi shiru. Can ya ce: "Mushe, ni dai ba ni barin sallata. Kuma baturiyar nan, ina yi mata fatan shiriya."

Na ce: "Baba, ba wanda ya ce ka bari. Fatan shiriya kuwa alheri ne."

Ya juya wajen magidancin ya ce: "Kai kuma, ɗana, in ka je ka gaida mini jikata." Sannan ya ɗauki alli ya rubuta AMANA bisa allonsa. Harafin N ya juye masa, muka gyara tare.

Ku ma ku karanta wannan a ajinku, ku karanta wa waɗanda ba su iya ba tukuna. Ku tambayi juna: wa ya taɓa yi maka alherin da ba ka zata ba? Wa ka taɓa hana wa alheri don ba naka ba ne? Wanda yake ganin na yi kuskure, ya ɗauki alƙalami ya rubuto da hannunsa. Don haka muka koyi rubutu.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu. Amin.